Hular da Alhaji Ya Kai Panyu

Da na gama jami'a a Guangzhou ban koma Kano ba, sai na zauna ina aikin tafinta. Ina raka 'yan kasuwa masana'antu, in juya musu Sinanci zuwa Hausa ko Turanci. Yawancinsu mutanenmu ne, amma wata rana wani otal a titin Liuhua Lu ya haɗa ni da wata dattijuwa daga Kanada.

A jirgin ƙasa, kan hanyarmu ta zuwa wata masana'anta a yankin Panyu, na kira ta Baturiya. Ta girgiza kai. Ta ce ita 'yar Haudenosaunee ce, mutanen da ke zaune a ƙasar tun kafin Turawa su zo. An kai kakarta makarantar kwana inda ake dukan yaro idan ya yi yarensu. Na ce ni ma an sha zane ni a firamare don Hausa ta suɓuce mini a aji. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce yanzu a garinsu sun buɗe wurin koyon sana'a na kansu. Da safe sai an yi godiya ga Mahalicci da harshensu kafin a taɓa komai. Tsofaffin mata ke koya wa matasa ɗinkin duwatsun ado a kan fata da yadi, kowane zane da ma'anarsa, ana kuma koya musu kwamfuta da yadda ake saye da sayarwa. Wanda ya ƙware, nan ake ɗaukarsa aiki. Duwatsu da allura da zare ta zo saya musu.

Mai masana'antar, wanda kowa ke kira lawban, ya hangi jakarta mai furanni, aikin ɗalibanta. Ya ce in gaya mata ta bar masa jakar kwana biyu, injinsa zai fitar da irinta ko dubu nawa take so.

Ta rungume jakar. "Gaya masa idan injinsa ya yi, yaranmu me za su yi? Ya auna mini duwatsu kawai."

Ya auna, muka fita.

Ba a daɗe ba na koma masana'antar da wani Alhaji daga Kano, tsohon abokin hulɗata. Muna zama ya buɗe leda ya fito da hula, ɗinkin hannu, zaren siliki, aiki mai tsafta. Na san irin wahalar da ke cikinta. Kawuna da wannan sana'a ya riƙe gidanmu, yana zaure da samarin unguwa da ke koyo a hannunsa, har idonsa ya fara rauni.

"Ka ce masa ya yi mini irinta sak," in ji Alhaji. "Har ɗan karkacen zaren ya sa, don a zaci ta hannu ce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, don Allah, masu ɗinkin nan fa? In waɗannan suka shiga kasuwa wa zai ƙara zama ya koya?"

"Su je su yi boko kamar kai."

"Bokon ne ya bar ni ina yawon tafinta a ƙasar mutane. Da a makaranta aka koya mana aikin hannunmu da harshenmu..."

"Kai yaro, tafinta na ɗauke ka ko wa'azi?"

Na ce ba da bakina ba. Lawban yana kallonmu, yana ta zuba shayi. Alhaji ya zaro wayarsa, ya yi magana da gurguwar Turancinsa, wayar ta juya zuwa Sinanci. Nan take suka daidaita, suka gaisa, lawban ya ɗauki hular kamar wanda aka ba kyauta. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba sace ta aka yi ba. Namu ne ya ɗauko ta tun daga Kano ya miƙa da hannu biyu.

Ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng, Alhaji ya bi 'yan kasuwa yana cewa yaron nan karatu ya taɓa masa kai. Wasu suka daina kirana. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne kawai ya ja ni gefe ya ce haka aka yi wa masu takalman fata na garinsu, ya ba ni aiki a makon.

Da na je gida hutu na tarar da hulunan injin rataye a kasuwa, jere-jere. Zauren kawu kuwa an mayar da shi shagon cajin waya, kuma ɗaya daga cikin samarinsa ne ke tsare da shi.