Mabuɗi a Hannun Kowa

A tashar Gumel wata mata tana zaune kan benci, kwamfuta a cinya, mayafinta ya zame ko ta kansa ba ta bi ba. Dukan madannai take kamar su suka yi mata laifi. Ga alama ita ta rubuta manhajar PHP da ke kulle bayanan marasa lafiyar wani asibiti, ba mai karantawa sai mai mabuɗi, wato lambar sirri.

Tana waya da shugaban asibitin. "Ranka ya daɗe, ba mabuɗin shago ba ne da ake bar wa maƙwabci in za a masallaci! Ka tura wa duk ma'aikata?"

Ta saurara, idonta jajir.

"Duk 'yan gida ne, na ji. To matar da ta zo gwaji a ɓoye, maigadinku ƙanin mijinta ne."