Nauyin Clarrie

A duk yankin Kimberley babu wanda bai san Merle Gadsby ba, matar da ta shekara ashirin da shida tana kora shanu da helikwafta. Jirgin nata ɗan mitsitsi ne, kujera biyu, ba ƙofa. Kallo ɗaya za ta yi maka ta faɗi nauyinka, kuma wallahi ba ta kuskure. Da sassafe, iska na da sanyi da kauri, kowa ɗauka take. Rana na take tsaka kuwa, ko ɗan uban wa ne kai sai dai ka hau doki, don zazzafar iska sakwarkwacewa take yi, farfela ta yi ta juyi ba ta samun abin dannawa.

To, wata rana da tsakar rana bijimi ya soke mijinta Clarrie a cinya, a bakin wani busasshen tafki. Makiyaya suka ɗaure ƙafar da bel, suka cusa shi a kujerar jirgi. Likita na gidan gona, tafiyar minti arba'in.

Ta ja sandar tashi. Jirgi ya ɗaga taku ɗaya, ya koma daɓas.

"Ku cire masa takalma da bindiga! Kai kuma tsoho, shekara talatin ina ce maka ka rage nama!"

"Wa ke soyawa?" in ji Clarrie, leɓensa fari fat.

Jirgi ya sake ƙin tashi. Merle ta diro ta buɗe tanki, ta tsaya tana kallon mai na tsiyaya a ƙasa don nauyi ya ragu. In ta zubar da yawa, a daji za su sauka.

Sai ta juya hancin jirgin wajen iska, ta ja shi a ƙasa, ƙafafunsa na kankarar laka. In ya sami gudu, farfela za ta shiga sabuwar iska ta kama. Itatuwa na matsowa. Jirgi ya yi karkarwa, ya cije, ya ɗaga, ganye na shafar cikinsa.

"Mun wuce, tsoho!"

Shiru. Kansa ya langaɓe. Hannunta biyu na kan sanduna, ƙafafunta na kan feda, ko ɗaya ta saki sun tafi. Ga mijinta kafaɗa da kafaɗa, ba halin ta taɓa shi.

Can ta ji wani gurnani a na'urar kunnenta. Munsharinsa ne, wanda ya hana ta barci tun ranar aurensu.

"Yi ta yi," ta ce, hawaye na zuba. "Kar ka kuskura ka daina."