Wanda Bai Cika Azumi Ba Ya Tashi

A gidanmu na Getso, idan an gama girbi sanyi ya shigo, bayan isha'i mukan zagaye murhun kakarmu, Inna Dije, tana soya mana gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Tana da wata doka da na tsana. In ta gama labaran yara sai ta karkaɗe zaninta ta ce, "Wanda bai cika azumi talatin ba ya tashi." Ba ruwanta da shekaru, don ita kanta ba ta san nata ba. Yayyena su gyara zama, ni kuwa in nufi ɗaki ina ƙunƙuni.

Wata ranar kasuwa na bi yayyena zuwa Gwarzo. Suka shige gidan kallo, ni kuma mai tsaron ƙofa ya tare ni da hannu, wai fim ɗin na manya ne. Na dawo gida kamar zan fashe, ko tuwo na ƙi ci.

"Matso nan, sarkin fushi," in ji Inna. "Yau taka ce kai kaɗai. Ga ta nan, riƙe ta da kyau."

Wai wata mai ginin tukwane ce ta gasa manyan tukwanenta, ta bar ƙaramar ɗanya a inuwa ta ƙarasa bushewa. Kullum ƙaramar tana ganin ana ɗaukar yayyenta zuwa rafi, suna dawowa da labari. Ta ce ai bakinta da nasu iri ɗaya, cikinta da nasu iri ɗaya. Ta lallaɓa ta shiga cikinsu, aka ɗebo ruwa da ita, ta dawo lafiya lau tana taƙama. Sai bayan kwana uku, tana zaune ba wanda ya taɓa ta, gindinta ya zube.

"To ni ai ba tukunya ba ne," na ce.

"Allah Ya ba ka haƙuri, mai gida," ta ce, ta ci gaba da juya gyaɗarta.

Mako na zagayowa na haura katangar gidan kallon ta baya, na laɓe a ƙarshen benci, na kalli wancan fim ɗin tas. An kwantar da mutum a ciki aka yanka shi, ba a ɓoye komai ba. Na fito ina cika baki, kuma har Inna ta rasu ban gaya mata ba.

Yau ni ke da gidan kallo a Kabo. Ranar ƙwallo kowa ya shigo, amma fim ɗin manya sai mai shekara sha takwas, kuma ni da kaina nake tsayawa a ƙofa. Kwanan baya na mayar da ɗan Alhajin da nake haya a gininsa, yaro ɗan sha biyu. Washegari sai ga uban.

"Malam Sani, ɗana ne fa. Ni na ce ya zo."

"Ranka ya daɗe, a gidanka ɗanka ne. Wannan ƙofar kuwa ni za a tambaya a kanta."

"To ka nemi wani wurin kafin wata ya ƙare."

Na ce masa na gode. Abokaina suna ta cewa in je in ba da haƙuri, wai yaran yanzu duk sun gani a waya. Su gani a can, ba dai ta hannuna ba. Haushi nake ji in aka ce yaron ai ba abin da zai same shi, don ni ma ranar ba abin da ya same ni. Sai da Babbar Sallah ta zo, Baba ya ce in riƙe masa ƙafar rago, na saki na ruga bayan rumbu ina amai. Yanzu furfura ta fara fito mini, ina da 'ya'ya huɗu, amma har yau maƙwabcina ke yanka mini ragon layya, ni ina cikin ɗaki na rufe ƙofa.