Kuregen Inna a Cikin Na'ura

A Tsafe, lokacin kaka, da an idar da sallar magariba sai mu baibaye kakarmu Inna a bakin murhu tana gasa mana masara. Da ta ce, "Ku matso, ga ta nan tahe," sai zumuɗi ya hana mu zama.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta kuregen da aka ba gadin rumbun gyaɗa. Kullum kumatunsa a kumbure, in an tambaya ya ce haƙori ke ciwo. Ran nan aka kira wanzami ya cire haƙorin. Yana buɗe baki sai gyaɗa ta zubo! Muka yi ta dariya har da birgima.

Bara na sayi na'urar karanta littattafai a Gusau. Murna kamar ta kashe ni: littattafai rututu a cikin abin da bai kai faifai ba! Abin da ke damuna ɗaya ne, Inna ta tsufa, kada tatsuniyoyinta su tafi da ita. Sai na rubuta duk wadda na tuna na zuba a ciki, na ɗauki 'yata Safiya muka nufi Tsafe ina ta rawar jiki.

Safiya ta karanta mata ta kurege. Inna ta ce ta sake, ta sake.

"Wanga abu bai da wayau," in ji Inna. "Sau biyu, ko kalma guda bai canza ba. Shi bai duban mai saurare?"

Na ce, "Ai amfaninsa ke nan, Inna, ba ya mantuwa."

"Kai ad da mantuwa! Ran nan fa gyaɗata ka sata, aljihunka cike. Don kai niy yi ta."

Safiya ta tuntsire da dariya. Ni kuwa, da furfurata, kunya ta rufe ni.

"To Inna, ki yi mini tawa in rubuta," in ji Safiya.

"Aje shi tukuna, ɗiyata, in ga idonki." Safiya ta ajiye, ni kuma aka kore ni waje.

Har gobe ina son na'urata, Safiya ma ba ta rabuwa da ita. Amma na gane labarin kawai na adana, wanda aka yi dominsa bai shiga ba. Yanzu Safiya ce ke matsa mini mu je Tsafe. Tatsuniyar da aka yi mata kuwa ta ƙi rubutawa, ta ƙi gaya mini. Ta ce tata ce.