Fitilar da Ta Hana Baba Direba Sakat

Baba Direba ya tsufa a bayan sitiyari, amma duk a motocin mutane. Ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, ya tuƙa ta kamfanin sabulu, daga baya ya zauna da wani ɗan kasuwa har idonsa ya fara gajiya da doguwar tafiya. Duk tsawon shekarun nan, ko shimfiɗar kujera bai taɓa canza wa mota da ra'ayin kansa ba. Mai abu ya ce ga yadda yake so, shi kuwa ya ce to.

Da ya ajiye aiki, babbar 'yarsa, wadda ke aiki a shagon magani, ta kawo masa wata 'yar mota ruwan toka, ta hannu amma lafiyayya. Ya zagaya ta, ya buɗe gaba ya rufe, ya goge madubi da hannun rigarsa. Matarsa, da kowa a layin ke kira Inna, ta leƙo ta ce, "Malam, in kun gama gaisawa, abincinka na nan yana hucewa."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato wilin motar, ƙarfen da ake ɗora taya a kai. Baƙaƙe ne, duk sun koɗe. A bakin babban titi kuwa akwai shagon mai taya, inda ake jera wili masu ƙyalli kamar farantan silba, shi kuma ya daɗe yana satar kallonsu. Wata safiya dai ya shiga. Aka ɗaga mota da jak, aka mayar da tayoyinsa kan sababbin wili, ya bar musu tsofaffin.

Bai kai gida ba sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ya tsaya, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da ƙafa. Lafiya lau. Ya wuce wajen mai faci, tsohon abokinsa, aka auna iska, daidai take.

Mai faci ya duƙa ya duba bawul, inda ake bugo iska, ya yi dariya. "Motocin yanzu, kowane wili da 'yar na'urarsa a ciki, ita ke gaya wa mota yawan iskar taya. Naka ka baro su cikin tsofaffin. Motar kiran 'ya'yanta take yi, ba wanda ya amsa. Samu baƙin salatif ka manne fitilar, ka huta."

Baba Direba ya girgiza kai. Yana saurayi taya ta taɓa fashe masa a hanya da mai naƙuda a bayan mota. Ta sauka lafiya, amma shi har yau bai manta kukanta ba. Mutum irinsa ba ya rufe wa gargaɗi baki.

Sai dai abin da ya fi cin sa, kunyar 'yarsa ce. Gani yake ta yi masa kyauta, shi kuma ya je ya ɓata don son ado. Ranar da ta zo gida ta ce ya sauke ta wajen aiki, kafin ta shiga ya cire hularsa ya kife a kan fitilar.

Sun ɗan yi nisa ta ce, "Baba, yau kai ba hula?"

"Zafi ake yi."

Ta miƙa hannu ta ɗaga hular. Ya rage gudu, ya gangara gefen titi, ya ba ta labarin duka, idonsa na kan sitiyari.

Ta ce, "Baba, ai motarka ce. Ko koren fenti ka ga dama ka yi mata, wa zai tambaye ka?"

"Ban saba ba ne, uwata," in ji shi. "Har yanzu ji nake kamar wani zai zo ya karɓi makulli."

Ta kau da kai wajen taga, ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo cewa ta yi, "Wilin dai sun yi kyau. Mu je shagon."

Mai taya ya ba da haƙuri, ya ce mantuwa ce aka yi. Tsofaffin wilin na nan a bayan shago. Na'ura uku lafiyarsu ƙalau, ta huɗu kuwa ta fashe wajen cire taya, sai da aka yi odar wata. Kafin ta iso, kullum da safe Baba Direba sai ya biya wajen mai faci a auna masa iska, su yi ta gardamar motocin da da na yanzu. Da ta iso aka ɗaura, aka zagaya tayoyin da wani ɗan inji har motar ta gane su, fitila ta mutu.

Yanzu shi ke kai jikoki makaranta. Inna ma ta fara koyon tuƙi a filin bayan gida, yana gefenta riƙe da birkin hannu, yana roƙonta ta yi nesa da dakalin maƙwabci.