Duƙushin Baba

Goɗiyar mahaifina ta mutu a shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, ta bar masa duƙushi ja mai farin goshi. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Baure, ni ina koyarwa a firamare, da matata da 'ya'yana a sashen gidan. Gwiwoyin Baba sun riga sun gaji a lokacin. Burinsa kawai duƙushin ya girma ya riƙa kai shi gona.

Da duƙushin ya shekara, malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura, ya tsaya ya duba shi.

"Baba, in dokin hawa kuke so mai sanyin hali, yanzu ne lokacin fiɗiye shi," in ji shi. "Marenansa sun sauko, bai san mace ba tukuna, ga sanyi, babu ƙuda. In ya girma aikin ya fi jini, kuma halin da ya koya ba lallai ya bari ba."

Baba ya ce zai yi shawara. A shekarun nan komai sai an kai wa malamai, har awon hatsi. Limaminmu ya ce masa fiɗiyar rago ba laifi, amma ta doki an hana, sai in lalura ta kama. Abokansa na dandali kuma suka yi ta dariya, wai ina aka taɓa ganin dattijo a kan fiɗiyayyen doki. Na yi masa magana, ya ce, "Bar shi yadda Allah ya yi shi." Sanyin ya wuce, wani ya zo ya wuce.

A shekara ta uku dokin ya zama wani abu dabam. In fatake suka bi ta bayan gari da goɗiyoyi za su Kongolam, sai ya yi ta haniniya yana haƙa ƙasa har ya tumɓuke turke. Ya ciji matata a kafaɗa tana zuba masa dusa. Wata safiya cikin damina Baba ya je kwance masa dabaibayi, dokin ya make shi da ƙafar baya. Ƙashin ƙugunsa ya karye.

Yana kwance a zaure, mai ɗori ya gama ɗaure shi, ya kira ni.

"Lalurar ta zo. Je ka kira mutumin nan."

Malamin dabbobi ya ce a jira kaka, ko a sayar. Baba ya ƙi duka biyun. Ba zai iya jin haniniyar nan har kaka ba, kuma ba zai sayar da ɗan goɗiyarsa ba. Muka kayar da dokin a bayan gida, ƙasa a jiƙe, malamin dabbobin ya fiɗiye shi. Jinin ya daɗe bai tsaya ba. Duk maganin da muka shafa, ƙudaje suka bi wurin, ya kumbura ya fara wari. Bayan mako guda wuyansa ya sanƙare, bakinsa ya kulle. Na riƙa ɗura masa ruwan kanwa yana zubowa ta gefe. Ya mutu a tsaye, jingine da katanga, sannan ya zame.

Da na shiga faɗa wa Baba, ya riga ni.

"Na ji shiru," ya ce. Ya juya fuskarsa bango.

Ƙashin bai haɗu daidai ba. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, bai sake ganin gonarsa ba. Ni nake zuwa in dawo in ba shi labarin gero, wani lokaci ya saurara, wani lokaci ya ce in bar shi ya huta. Limamin da abokansa sukan zo gaishe shi bayan la'asar, su yi hirar ruwan sama da tsadar taki, su tashi.