Ammu Isiyaku, Wanda Ya Taka Daga Badar Zuwa Madina

Ammu Isiyaku ya rasu.

Ina fitowa daga masallaci da safen nan na ga saƙon ɗansa Faisal daga Madina. Layi ɗaya ne, da Larabci. Sau uku na karanta shi a tsaye.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake ganin tsofaffin ɗaliban Madina a group ɗinmu suna rubuta, "Allah ya ji ƙan tsoho mai taurin kai." Wani har da alamar dariya. To ku saurara. Ni ina wurin da aka yi taurin kan nan, kuma ban yarda a maida shi abin raha ba.

A ƙarshen shekarun casa'in na sauka Madina karatu, jakata ta ɓata a filin jirgi. Ina tsaye ina haɗa Larabcin littafi ba mai gane ni, sai wani dogon mutum cikin kayan ma'aikata ya dafa ni ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Da Hausa. Shi ne Ammu, wato baffa da Larabci, lodin kayan alhazai yake yi a wurin. Ya nemo jakar, ya kai ni gidansa a unguwar Bani Harisa, aka zubo min tuwo miyar kuka.

Da sanyi ya shigo, ya gan ni da 'yar shara, ya cire kwat ɗinsa ya ɗora min. 

Ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi. Kakarsa, Hajiya Dije, ita ta taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, shekara da shekaru tana tafe tana yada zango, har ta haye teku. Bayan ta sauke farali ta bi bayan ayarin raƙuma zuwa Madina ta tsohuwar hanyar cikin duwatsu, da 'ya'ya biyu. Namijin ne ya iso, shi ne mahaifin Ammu. Macen a hanya aka binne ta.

Shekarata ta uku a can, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya tashi, amma yana jan ƙafar hagu, aiki kuma ya ƙare. Wata rana a layin asibiti wani mutum ya ture shi ya ce, "Ku Takaruna, baƙaƙen Afirka, jirgi ya jibge ku jiya kun cika mana gari."

Faisal ya ce a ƙyale shi. Ammu bai ƙyale ba. Bayan kwana biyu ya kira ni.

"Ya waladi, ɗana, yaushe hutunku? Hanyar kakata zan bi. Daga Badar har nan, da ƙafa."

Na ce, "Ammu, wace ƙafar?"

Ya ce, "Wadda ta rage."

Likita ya hana. 'Yan'uwa suka taru suka ce ciwon ya taɓa masa kai. Faisal, wanda ke jin Hausa sarai amma bai taɓa mayar da amsa da ita ba, ya rantse ba zai je ba. Ranar tafiya sai ga shi da motarsa a-kori-kura cike da ruwa da barguna, fuska a murtuke.

Haka muka kama hanya. Ammu a gaba da sandarsa, ni a gefensa, Faisal yana bin kwalta yana jiranmu a inda turba ta ɓullo. Ba mu cika yin nisa a wuni ba. Duwatsu baƙaƙe hagu da dama, kwari ya shige cikin kwari, tsakuwa tana cin takalmi. Idan na miƙa hannu zan taimake shi a hawa sai ya buge min shi da sanda.

A rana ta biyar, da hantsi, ya faɗi a wata gangara. Gwiwa ta fashe, ƙafar ta kumbura. Faisal ya iso da gudu yana faɗa da Larabci: ya isa haka, wa kake so ka burge, mutumin asibitin ma ya manta da kai!

Ammu yana zaune a ƙasa, jini a zanensa, ya ce, "Shi ya manta. Kai fa? Ka san sunan yarinyar da ke kwance a cikin duwatsun nan?"

 Faisal bai sani ba.

"Hadiza. Ƙanwar ubana ce. Babu wanda ya zo mata tun da aka rufe ta."

Muna nan sai ga wani dattijo Balarabe mai kiwon raƙuma. Ya ji labari, ya ce mu biyo shi. A bayan wani tsauni kusa ya nuna mana tarin duwatsu jere, babu suna babu alama. Ya ce kaburburan alhazai masu tafiyar ƙafa ne, mahaifinsa ya gaya masa da yawa baƙaƙen fata ne.

Ba mu san ko tana cikinsu ba. Ammu bai ce tana ciki ba. Ya dogara sandarsa ya yi musu sallama gaba ɗaya, ya yi addu'a da Hausa, yana kuka kamar yau aka yi rasuwar.

Da muka juyo, Faisal ya miƙo min makullin mota. Ya ce da ni, a karkace, cikin Hausar da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, "Kai tuƙa. Ni tafi da Abuya."

Don haka gaskiya ni ban ƙarasa da ƙafa ba. A mota na bi su sauran kwanakin, ina kallon uba da ɗa ta gilashi. Rana ta goma sha ɗaya suka shigo Bi'ir Ali, bakin garin Madina, motocin masu Umara suna danna musu hon su ba da hanya. Ammu bai ƙara sauri ba ko kaɗan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, na koma Umara bayan na gama karatu da wasu shekaru. Na same shi a keken marasa lafiya, ƙafar ta daina aiki gaba ɗaya. Na ce, "Ammu, mutane na cewa tafiyar nan ce ta ƙarasa ta."

Ya yi dariya ya ce, "Kalas, shi ke nan, ta yi aikinta. Da a kan gado ta mutu fa?"

Wannan shi ne mutumin. Duk wanda zai kira shi mai taurin kai, ya fara taka rabin abin da ya taka tukuna.

Faisal ya ce bayan la'asar za a yi masa salla a Harami.

Allah ka gafarta wa Isiyaku jikan Dije. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da kakarsa da Hadiza da duk waɗanda suka kwanta a hanyar ɗakinka ba a san sunansu ba. Ka ba Faisal da sauran iyalinsa haƙuri.

Kai da ka karanta har nan, ba like nake nema ba. Ka ɗaga hannu ka ambaci sunansa a sallarka ta gaba.